Ƙofar da Na Gina wa Habana

A ƙarshen shekarun 1980 ba abin da nake so a duniya irin in bar Karaye. Ba wanda ya yi mini laifi. Ina da aikin koyarwa a wata firamare a Rogo, ina da ɗaki a can da katifa da risho, ranar Juma'a in hau a-kori-kura in dawo gida, Lahadi da yamma in koma. Amma zama ya gagare ni. In ina Rogo sai in ƙagu in zo Karaye, in na zo kuma, kafin in gama shan ruwan da aka kawo mini na fara tunanin motar komawa. Inna takan dube ni ta ce, "Kai wai ƙaiƙayi aka zuba maka a wando ne?"

Yayana ne ya jawo mini wannan ciwon. Shi ne ɗan fari a gidanmu, shekara huɗu ya ba ni, kuma shi gwamnati ta tura karatun likitan dabbobi a wani tsibiri can bayan teku. A rediyo Kyuba suke cewa, amma kunnen Baba kuba ya ji, irin wadda ake sa wa ƙofa, kuma har ya bar duniya bai gyara ba. Sunan ya yi masa daɗi ƙwarai. Ya ce ƙasar da ta yarda a kira ta da sunan makulli, mutanenta sun san abin da suke yi.

Dole sunan ya yi masa daɗi, domin Sarkin Ƙofa ake ce masa. Kakansa ne na ƙarshe da ya riƙe ƙofa ta gaske, wadda ke kallon hanyar Rogo, a zamanin da ganuwar garin take tsaye. Ko da Baba ya gaji sunan babu ƙyaure babu soro, sai wani giɓi tsakanin tudun ƙasa biyu, awaki na hawa suna sauka, magina na zuwa da jakuna suna yagar ƙasar su tafi su kwaɓa. Sana'arsa ɗinkin babbar riga ce da hannu, ita ta ci masa ido, yanar ido ta zo ta ƙarasa sauran. Da ya daina ganin kafar allura sai ya koma zaman giɓin nan bayan la'asar, yana faɗa da masu jakuna, yana ba duk wanda ya tsaya labarin ƙofar kakansa. Ƙyauren na giginya ne, an yi masa ɗamara da ƙarfe, sai ƙarti biyu sun haɗu suke iya tura shi. Da almuru, kafin a rufe, mai ƙofa zai hau saman soro ya ƙwala kira sau uku, "Akwai na baya?" In ba a amsa ba sai a sa sakata. Mai itace in zai shigo ya ajiye ice ɗaya, mai hatsi ya zuba tafi guda. Baƙon da ya makara a waje zai kwana, amma za a zura masa ruwa da guga. Na ji labarin nan ya fi sau ɗari, yawanci ina kallon wani waje ina kaɗa ƙafa.

Baba mutumin da ne wajen alkunyar ɗan fari. Ban taɓa jin ya kama sunan Yaya ba, ko a mafarki. "Wancan" yake ce masa. Ranar da Yaya zai tafi, duk unguwa ta raka shi tasha, Baba ya ɗauki sandarsa ya nufi giɓinsa kamar kowace rana. Ni kuwa da yake ni ne na biyu, ba wata kunya tsakaninmu, faɗa ma muna yi. Malam yake kirana, da wata 'yar murya ta tsokana, tun ranar da na fara riƙe alli. Karo na farko da na ce masa ina so in tafi neman aiki a Kudu, ko juyowa bai yi ba.

"Ɗaya ya fita," ya ce. "In ya shigo, kai ka fita."

Maganar ke nan. Daga ranar na san fitata a ɗaure take da dawowar Yaya.

Wasiƙun Yaya ta makarantarmu suke zuwa, ni nake kawo su gida in karanta. Wata rana sai ga kati mai hoto a cikin ambulan. Na buɗe shi a aji, kuma ban ƙara koyar da komai ba ran nan. Wani gini ne na dutse a kan wani ƙaton dutsen da ya kutsa cikin ruwa, ruwan shuɗi har iyakar ganinka, yana dukan gindin bangon yana kumfa. A gefe guda doguwar hasumiya mai fitila a ka. A saman bangon an jera igwa, manyan bindigogin nan na da, bakinsu duk yana kallon teku. A kusurwa kuma wani ɗan ɗaki zagayayye mai hula, maƙale a jikin bango, sai ka ce an ɗauki rumbu an rataye. A bayan katin Yaya ya rubuta cewa sunan birnin Habana, ginin kuma Moro ake ce masa. Turawan Sifen ne suka gina shi da wasu irinsa tun ɗaruruwan shekaru, don su tsare birnin daga 'yan fashin teku da jiragen yaƙin abokan gaba, saboda a nan jiragensu masu ɗauke da dukiya suke taruwa kafin su kama hanyar gida.

Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya wuce kogin Challawa da damina ba, na yi ta kallon shuɗin nan har idona ya yi zafi.

Baba ya karɓi katin ya kai shi dab da hanci, ya juya shi sama, ya juya shi ƙasa. Inuwa kawai yake gani. Ya ce in faɗa masa abin da ke ciki, na faɗa masa dalla-dalla.

"To, ganuwa ce ke nan," ya ce.

"Ba ganuwa ba ce, Baba. Sansanin soja ne."

"Bango ne?"

"Bango ne."

"Don tsare gari aka yi shi?"

"E."

"To, Malam, koma wa allinka. Rubuta ka ce wa wancan, kaurin bangon taku nawa ne?"

Haka aka fara. Kowace wasiƙa tambaya ɗaya, kuma tambaya takan ci wata uku kafin amsarta ta dawo. Yaya ya auna da ƙafarsa ya aiko, ya ce a wani wajen mota za ta iya tafiya a saman bangon. Baba ya ce da me aka gina? Amsa ta zo cewa dutse ne da aka yanko a bakin teku, in ka duba da kyau har ɓawon katantanwa za ka gani a jikinsa. Ya ce rijiya nawa ce a ciki, don ganuwar da ba ruwa a cikinta tarko ce. Yaya ya ce ruwan wurin gishiri ne, saboda haka sun gina manyan ɗakuna a ƙarƙashin ƙasa suna tara ruwan sama. Baba ya gyaɗa kai ya ce sun yi hankali. Da ya tambayi waɗanda suka yi aikin, aka ce masa bayi ne baƙar fata irinmu da aka kwaso a jirgi, da fursunoni, ranar bai ba ni wata tambayar ba.

Amsar da ta fi faranta masa rai ita ce ta ko an taɓa cin garin. Yaya ya ce an taɓa, sau ɗaya. Turawan Ingila sun ga igwa duk teku take kallo, sai suka sauka can nesa, suka zagayo ta tudu, suka hau wani tsauni da ke bayan ginin suka yi ta ruwan wuta daga sama. Bayan an sasanta an mayar wa Sifen garinsu, sai suka gina wani sansanin a kan tsaunin, wanda ya fi duk sauran girma. Baba ya yi dariya har da tari. Sati biyu yana ba abokan zamansa labarin mutanen da suka tsare gaba suka bar ƙeya a buɗe, kamar da shi aka yi yaƙin.

Ni fa abin haushi yake ba ni. Na sami Inna a madafa na ce mata, mutum ɗansa na bayan duniya shekara da shekaru, bai taɓa cewa a tambaye shi ko yana cin abinci ba, ko yana ciwo, ko yaushe zai dawo, sai kaurin bango da rijiya.

Inna ta ci gaba da tankaɗenta. "Kai da karatunka ba ka san komai ba. Da wane bakin zai tambayi lafiyar ɗan fari? In ya tambayi bango aka amsa, ai ya san yana da rai, yana da ƙafar zuwa ya auna, kuma bai manta da gida ba."

Na ji ta, amma ban ɗauka ba. A lokacin ba na jin komai sai ƙarar motar da za ta bar gari.

Tambaya ta ƙarshe ya yi ta ne wata Asabar, bayan ya sa na sake zayyana masa katin tun daga farko. Ya ce, "Ka ce bango, ka ce hasumiya, ka ce rumbu. Ban ji ka ce ƙofa ba. Ina ƙofar take? Wa ke riƙe da ita? Yaushe ake rufewa?" Na duba, lalle babu ƙofa a hoton, bango ne da ruwa. Na rubuta na aika.

Wata uku suka wuce shiru. Huɗu, biyar. A shekarar ne kuma ya kamata Yaya ya gama ya dawo. Kullum in hedimasta ya dawo daga gidan waya sai in tare shi tun a bakin makaranta, har ya fara girgiza mini kai daga nesa don kada in wahalar da ƙafata. Ranar Juma'a in na shiga zaure na gaishe da Baba, sai ya ce, "Malam, hanya lafiya?" Ya ɗan jira. In ban ce komai ba sai ya ce, "Madalla," ya ci gaba da jan carbinsa.

A wata na shida wasiƙa ta zo, amma daga Legas. Wani abokina ne da muka yi kwalejin horon malamai tare, ya bar koyarwa ya sami aiki a tashar jiragen ruwa. Ya ce ana neman akawu a inda yake, ya yi mini magana, za a riƙe mini gurbin zuwa ƙarshen dogon hutu. In ban zo ba a ba wani. Ya ƙara da cewa daga tagar ofishinsu ana ganin jirage suna shigowa.

Daga nan na zama abin tausayi. Abinci ya daina shiga. Ranar kasuwar Rogo sai in je in tsaya inda ake loda gyaɗa da masara a manyan motocin Kudu, ina karanta rubutun jikinsu, ina tambayar direbobi kwana nawa ne zuwa Legas, alhali na sani. 'Yan aji biyar sun sha teku a hannuna. Ko lissafi ne a jadawali sai in zana musu tsibiri a allo, in zagaye shi da ruwa, in ɗora masa igwa, wanda ya yi hamma kuma in huce a kansa. Har yau ina jin kunyar wata yarinya daga wajen Jajaye da na kora waje don ta tambaye ni ko tekun ya kai tafkin garinsu.

Na sake tarar Baba. Na kawo hujja iri-iri, na ce ga ƙanwata da mijinta nan cikin gari, ga Inna, ga 'yan uwa ko'ina, ba abin da zai rasa. Ya bari na gama tsaf.

"Wancan ya shigo?"

"Bai shigo ba."

"To."

Na fita raina a ɓace, na zagaya garin kaf da ƙafa, na dawo ban huce ba.

Ranar Litinin bayan an tashi yara, na zauna a aji na ciro takarda. Ba zan ce shaiɗan ne ya zuga ni ba, da hankalina na yi. Ina da tsofaffin ambulan ɗin Yaya masu kan sarkin can, na zaɓi wanda bai yage ba. Na sayo irin siririyar takardar nan ta wasiƙar jirgin sama, domin Baba ba ya gani amma yana shafawa. Har rubutun Yaya na kwaikwaya, mai kwanciya gefe, don makahon da ba zai karanta ba. Abin da nake buƙata layi biyu ne kawai: ina nan tafe bayan kaka, a bar ƙanena ya tafi. Amma na san in wasiƙa ta zo ba amsar ƙofa, Baba zai sha jinin jikinsa. Saboda haka dole in gina wa mutanen Habana ƙofa.

Na nemi littafi a makaranta, babu mai maganar Kyuba sai ɗaya, shi ma rake da taba kawai ya sani. Na zauna ina tauna biro. Can sai hannuna ya fara tafiya da kansa. Ƙofar tana bayan ginin, shi ya sa ba ta fito a hoto ba. Ƙyaurenta na wani itace ne dangin giginya, an yi masa ɗamara da ƙarfe, sai ƙarti huɗu sun haɗu suke tura shi. Na ninka ƙartin don kada a ce na raina Turawa. Akwai gidan da suka gaji riƙe ta tun kaka da kakanni. Da faɗuwar rana mai ƙofa yakan hau sama ya yi kira sau uku ko akwai wanda ya rage a waje, sannan a sa sakata. Masunci in zai shigo ya ajiye kifi ɗaya. Jirgin da ya makara a waje zai kwana, amma a zura wa mutanen ciki ruwan sha da igiya. Ban san na haddace labarin Baba haka ba. Kwana uku ina yi ina sakewa, sai da ta cika shafi huɗu. Layi biyun da nake so na sa su can ƙarshe, kamar abin da aka tuna bayan an gama.

Ranar Juma'a na dawo da ita a aljihu, amma na kasa fito da ita. Baba ya ce, "Malam, hanya lafiya?" Na ce lafiya. Ya yi kamar zai ƙara magana, sai ya fasa. Na lura Inna ma ba ta tsokane ni ba ran nan, amma ban kawo komai a raina ba, ta kaina nake yi.

Asabar da hantsi na yi ta maza. Na same shi a zaure shi kaɗai a kan buzunsa, na durƙusa na ce, "Baba, jiya na manta, wasiƙa ta zo."

Hannunsa ya tsaya a kan carbi. "Daga ina?"

"Daga Yaya."

Ya miƙo hannu na ba shi. Ya shafa ambulan ɗin, ya shafa kan sarkin, ya zaro takardar ya ƙirga shafukan da yatsa, ya mayar mini. "Karanta mu ji."

Na karanta. Gaisuwar ta tafi daidai. Da na shiga ƙofa sai na ji muryata ta zauna, har na fara jin daɗin abin da na rubuta. Baba ya sunkuyar da kai yana saurare, bai katse ni ba ko sau ɗaya, abin da bai taɓa yi ba. Na kai ƙarshe, na karanta layi biyun nan da sauri, na naɗe takardar.

"Maimaita mini wajen kiran," ya ce.

Na maimaita.

"Sau uku?"

"Haka ya ce."

"Ikon Allah. Su ma 'akwai na baya' suke cewa? Da Hausa?"

"A'a, da yarensu mana."

"Da giginya kuma, a tsakiyar teku."

"Danginta ya ce, Baba."

"Danginta." Ya gyaɗa kai. Sai ya sa hannu a aljihun rigarsa na ciki, ya daɗe yana lalube, ya fito da wani ambulan ya miƙo mini. "To karanta mini wannan kuma. An karanta mini sau ɗaya, amma mai karatun sauri gare shi."

Rubutun Yaya ne, na gaske, ba kan sarki a jiki. Daga baya Inna ta faɗa mini yadda aka yi. Ranar Laraba, ina can Rogo ina gyara ƙartina huɗu, wani ɗan wajen Gwarzo da suka yi karatu tare da Yaya ya gama ya dawo, ya biyo da wasiƙar a hannu, ya zauna a zauren nan ya karanta wa Baba.

Ba yadda zan yi, na karanta. Yaya ya ce a gafarce shi da jinkiri. Game da ƙofa, ya ce sansanin yana da 'yar ƙofarsa ta soja ta wajen tudu, amma ƙofar da aka gina shi don ya tsare ba ta itace ba ce, ruwa ce. Mashigar jirage siririya ce, Moro na wannan gefe, wani ƙaramin sansani na wancan gefe suna kallon juna. A zamanin da, in yamma ta yi sai a ja wata ƙatuwar sarƙa ta ƙarfe da gumagumai daga wannan zuwa wancan, ta tare bakin ruwan, ba jirgin da zai shiga sai da safe. Shi birnin kansa ya taɓa yin ganuwa mai ƙofofi, amma an rushe ta tuntuni, sai guntaye nan da can a tsakiyar gidaje. Duk da haka har yanzu kullum da ƙarfe tara ana buga igwa sau ɗaya daga babban sansanin kan tsauni, alamar a rufe ƙofofin gari, ko da yake ba sauran ƙofar da za a rufe.

"Ka ji," in ji Baba a hankali. "Ashe su ma nasu sarkin ƙofar irina ne. Ci gaba."

Sauran gajere ne. An ba shi damar ƙarin karatu na shekara uku, ya karɓa. Ya yi aure a can, matar tana da ciki. Tsoron faɗa ne ya hana shi rubutu duk watannin nan. Bai san ranar dawowarsa ba, kuma ba ya so ya yi alkawarin da ba zai cika ba.

Na gama na yi tsuru-tsuru, takarda ɗaya a kowane hannu. Kunya ta rufe ni, ga kuma wani baƙin ciki na daban, domin a tsakiyar kunyar ma lissafi nake yi: shekara uku, Legas ta tafi ke nan. Ina jiran faɗa. Na ma fi son ya ɗaga sandar nan ya sauke mini, in sami abin da zan yi fushi a kai.

Bai ɗaga ba. Ya ce, "Jiya na so in ba ka. Na ji yadda kake taka ƙasa da ka shigo, sai na kasa. Na ce bari ya kwana tukuna."

"Baba, ka yafe mini."

"Yi shiru, ban gama ba." Ya gyara zama. "Tun ran Laraba nake tunani. Kakana shekara arba'in yana bakin ƙofar nan, ban taɓa jin an ce ya tare mai fita ba. Mai shigowa ake tsayarwa a tambaya. Ni ne na juya aikin, don ba ni da kowa a hannu sai kai. Na riƙe ka har na koya maka ƙarya." Ya yi gyaran murya. "Yaushe ne ƙarshen hutun naku?"

Na faɗa masa.

"To ka shirya. Allah ya tsare hanya."

Abin da na shekara uku ina nema ke nan, ya zo mini a cikin kalma bakwai, kuma ban ji daɗin ko ɗaya ba. Na fashe da kuka kamar yaro, ni da nake da gemu. Ya bar ni na yi mai isata. Da na tashi zan fita na haɗa takardun biyu, niyyata in kai tawa murhu. Ya ji motsin takarda ya miƙo hannu.

"Kawo su duka."

"Wannan ai ta ƙarya ce, Baba."

"Na sani. Ƙofar ta yi kyau. Shekara nawa ina ba ka labarin nan kana kaɗa mini ƙafa, ashe kana ji." Ya naɗe su tare ya sa a aljihu. "Abu ɗaya, Malam. In ka je can za ka rubuto, ka rubuto da sunanka."

Na tafi bayan sati biyu, a saman buhunan gyaɗa har Zariya, daga nan na hau jirgin ƙasa. Na ga teku. Ba shuɗi ba ne a wajen da muke aiki, ruwan toka ne mai warin mai, amma na gan shi, kuma na yi wata guda ina zuwa bakinsa kullum bayan an tashi. Zaman da ya gagare ni a Karaye bai zo mini a Legas ba, can ma kaɗa ƙafar na ci gaba da yi.

Na rubuta wa Baba da sunana, kamar yadda ya ce. Sai na tarar ban san abin da zan ce masa ba. In na ɗauki biro sai gaisuwa ta fito, da ina lafiya, da a gaida Inna, shi ke nan. Kullum ina cewa bari in sami natsuwa in zauna in zayyana masa tashar nan yadda zai gan ta, da jirage, da masu gadin bakin shiga da yadda suke duba takarda. Baba ya rasu a damina ta biyu da tafiyata, mijin ƙanwata ne a kansa, saƙo bai same ni ba sai bayan kwana tara. Wasiƙa biyu kacal na aika masa a tsawon wannan lokacin. In an haɗa su ba za su cika shafi ɗaya ba, kuma har yau abin yana ci mini rai, domin wasiƙa mafi tsawo da na taɓa rubuta wa mahaifina da sunan wani na sa mata hannu.